Maganar Manya A Filin Wasa

 Yau wata 'yar magana nake so mu tattauna wadda ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Ba a littafi na fara cin karo da ita ba, har tsakar gidana ta iske ni.

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya ina zaune ina tsintar shinkafa tare da wata baƙuwa da muka sauke, 'yar uwar maigidanmu ta wajen uwa, daga wani ƙauye na yankin Batsari. Watanta biyu ke nan a wurinmu, tun daren da ɓarayin daji suka shiga garinsu suka tafi da mijinta. Yara kuwa na can bakin rijiya suna wasa, nawa uku da na maƙwabta. Ban damu da abin da suke yi ba, sai da na ɗaga kai na ga ɗana mai shekara tara ya rufe fuska da ɗankwalina, ya saɓa muciya a kafaɗa, ya kara silifa a kunne kamar waya, yana cewa da kakkausar murya, "In ba ku kawo miliyan biyu kafin Juma'a ba, ku zo ku ɗauki gawa." Ƙanwarsa an ɗaure mata hannu da igiyar shanya tana kukan ƙarya, sauran suna ta ƙyalƙyala dariya.

Baiwar Allah nan ba ta ce uffan ba. Aje faifai kawai ta yi, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Jim kaɗan muka jiyo shessheƙarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na zabura na ɗauko tsumagiya. Sai surukata da ke kan tabarma tana lazimi ta ce, "Ke ɗiyar nan, aje bulalar nan. Mi suka yi? Wasa ne fa. Abin da suka ji a gari shi suke kwaikwayo. Ke ba ki yi naki ba a zamaninki?"

Na ce, "Inna, ai wannan ya wuce wasa."

Ta ce, "To gaya mani inda wasa ya tsaya."

Wallahi 'yar uwa sai na rasa amsa. Na aje bulala, amma tambayar ba ta aje ni ba. Shin kalmar "wasa ne" tana wanke komai? Shin daidai ne a ɗauko maganar manya, irin su kisa da kishi da zaman ɗaki da mugunta, a saka cikin wasa ko labari? In daidai ne, ga wa, kuma a gaban wa?

Mu ma mun yi namu

Maganar Inna gaskiya ce. Duk wadda ta tashi a cikin birnin Katsina, ko Rafindaɗi ko Ƙofar Marusa ko Unguwar Yari, ta san wasan 'yar tsana. Da kara ko ƙashi muke yin ta, mu yi mata kitso da zare, mu ɗaura mata ƙyalle. Sannan me muke yi da ita? Aure muke yi mata. A kai lefe, a sa lalle, a kai gara a murfin gwangwani. In an kwana biyu ta haihu, a yi suna. In aka ƙara kwana biyu sai a yi mata kishiya, ki ji yarinya 'yar shekara bakwai tana zuba habaici kamar wadda ta yi shekara ashirin a gidan miji. Har saki muna yi, 'yar tsana ta yi yaji a je biko. Iyayenmu suna ji suna gani, iyaka su yi murmushi.

Haka in azumi ya kai goma aka fara tashe. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama matarsa, a nuna zaman aure gida-gida. Samari su yi Jatau mai magani, su yi Tsoho da gemu, har malami ba su bari ba, akwai tashen da ake tsokanarsa cewa ya yi rawa. A Kano kuwa an san Nalako da farautar gwagware. A fadojin sarakuna an yi wasan gauta, inda matan cikin gida ke shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon halin kowa, mai rowa a nuna rowarsa, mai zafin rai a nuna zafin ransa. A ƙauyuka bayan kaka samari sukan yi kalankuwa, su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan doka, a yi shari'a a ci tara.

Kin ga ashe Bahaushe bai taɓa raba wasa da maganar manya ba. Dalili kuwa, wasa makaranta ce. A cikinsa yarinya ke gwada rigar da za ta sa gobe, a cikinsa na ƙasa ke gaya wa na sama abin da baki ba ya iya faɗa ido da ido. Ai shi ya sa ake cewa da wasa ake gaya wa wawa magana.

Sai dai ki lura da abu ɗaya, don za mu dawo kansa. Kowane ɗaya daga wasannin nan yana da lokacinsa da wurinsa da mutanensa. Tashe ba ya wuce watan azumi. Ba'ar da jika zai yi wa kakarsa ba zai yi wa uwarsa ba. Abin da Bakatsine zai gaya wa Banufe ko Bahaɗeje a yi dariya, in ya gaya wa wani sai an kai ga mai unguwa.

Tatsuniyar da ake shiga cikinta

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. Wani ɗan yayata da ya yi karatu a Ingila shi ya fara nuna mani wani irin wasa da ake yi a can, kuma labarinsa ya buɗe mani ido.

Wasan kamar tatsuniya yake, amma wadda masu sauraro ke shiga ciki. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur. Ɗaya shi ne mai jan labari, yana da littafi a gabansa. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama, wannan jarumi, wancan boka, waccan ɓarauniya. Mai jan labari ya ce, "Kun iso ƙofar wani kogo, kuna jin kuka a ciki, me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata ma fuska ashirin gare ta, ita za ta nuna ko an dace ko an faɗi. Ba kuɗi ake zubawa ba, labarin ne abin nema. Wanda ya fi shahara a cikinsu sunansa Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974.

Da yake littattafan wasan cike suke da dodanni da tsafi da shaiɗanu, ba a daɗe ba hankalin iyaye ya tashi. A 1982 wani saurayi ɗan makaranta a jihar Bajiniya ya kashe kansa. Mahaifiyarsa, Patricia Pulling, ta ce wasan ne sanadi. Ta kai shugaban makarantar ƙara, ta kai kamfanin wasan ƙara, kotu ta kori ƙararrakin. A 1983 ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, ta yi ta yawo gidajen talabijin da wurin 'yan sanda tana gargaɗi. Masu bincike kan kashe kai a Amurka da Kanada sun duba, ba su sami hujjar cewa wasan na jawo haka ba. Duk da haka ni ban ga laifin zuciyar uwar nan ba. Wadda ta binne ɗanta dole ta nemi abin da za ta kama.

Kamfanin ya tsorata. Da zai sake buga littattafan a 1989 sai ya cire kalmomin shaiɗanu da iblisai, daga baya ya dawo da halittun da wasu sunaye na ƙirƙira. Wato an canza wa tuwo suna. Bayan shekaru, da 'yan wasan suka girma suka zama iyaye su ma, sai iska ta juya. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast, wanda wasan ya koma hannunsa, ya buga Book of Vile Darkness, littafin da ke bayanin azabtarwa da kayan maye da yanka mutum don tsafi, ya manna masa gargaɗi cewa na manya ne kawai. A 2003 kuma wasu daban suka shirya Book of Erotic Fantasy, wanda ya shigo da maganar kwanciya cikin wasan. Nan kamfanin ya ce a'a, ya ƙara sharaɗin kamun kai a ƙa'idar amfani da tambarinsa, littafin ya fito ba tambarin. Mutane suka yi ta tambaya: yaya aka yarda da yanka da azaba, aka ƙi wannan? Har yau 'yan wasan ba su gama wannan gardama ba.

Ki duba da kyau, hanyoyi uku suka bi: a hana, ko a ɓoye, ko a rubuta "na manya ne" a sayar. Ashe ba su ne hanyoyin da mu ma muka bi ba?

Namu littattafan

Ku da kuka yi 'yan matanci a shekarun 1990 kun tuna yadda littattafan soyayya suka cika gari. A je wurin mai haya a karɓo, a ɓoye a ƙarƙashin katifa ko cikin littafin lissafi, a ba ƙawa ta katanga. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharmu, da sauransu da yawa. Malamai suka rabu biyu a jaridu. Ibrahim Malumfashi yana cikin masu suka, shi ya yaɗa sunan "adabin kasuwar Kano". Abdalla Uba Adamu yana cikin masu cewa a tsaya a karanta tukuna kafin a yanke hukunci. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata aka cinna masu wuta a bainar jama'a.

To wutar ta ƙone maganar? Ina! Yau littafin ba ya ƙarƙashin katifa, yana cikin waya. A WhatsApp da Wattpad ake rubuta shi shafi-shafi, wani kyauta wani na kuɗi, kuma wasu daga ciki sun faɗi abin da marubutan da aka ƙona wa littafi ko a mafarki ba su rubuta ba. Da yawa za ki ga an sa a farko: wannan littafi na matan aure ne, budurwa in kin karanta ke kika sani. Ga lakabin nan dai da Amurkawa suka manna wa nasu, ya iso har ɗakunanmu.

A ɗaya gefen kuma, ki ɗauki littattafan Balaraba Ramat Yakubu guda biyu na 1990. Wa Zai Auri Jahila? labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho dole. Alhaki Kuykuyo Ne labarin uwargida ce da miji ya kora da 'ya'yanta tara saboda macen bariki da ya auro. Akwai maganar manya a ciki? Ƙwarai kuwa. Amma mace nawa ta karanta ta ga rayuwarta, ta san ba ita kaɗai ba ce? Uba nawa ya ji labarin ya sake tunani? In aka ce duk abin da ya taɓo maganar manya a ƙone, to waɗannan za su fara ci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Kowa da gaskiyarsa

Bari mu yi wa kowane ɓangare adalci.

Masu cewa a hana ba wawaye ba ne. Abin da baki ya saba da shi, a hankali zuciya takan saba. Kuma wasan kwaikwayo ya fi karatu shiga jiki, domin mai karatu cewa yake "ya yi", mai wasa kuwa cewa yake "na yi". Ɗana bai ce ɓarawo ya nemi miliyan biyu ba, shi ne ya nema da bakinsa, aka yi masa dariya ya ji daɗi. Yaron da kullum shi ne mai bindiga, kullum kuma shi ake tsoro, me yake koya game da inda girma yake? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba uwa kaɗai ke tanƙwarawa ba, wasa ma yana yi.

Masu cewa a bari su ma suna da hujja. Rufe ido ba ya kore kura. Yaranmu sun ji abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, ranar da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya cikin dare, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Sun ji a rediyo, sun ji a bakinmu muna salati. Ina za su kai wannan tsoron? Babba zai kai shi sallaya ko majalisa, yaro kuwa filin wasa yake kai nasa. Haka budurwar da ba a taɓa gaya mata yaudarar maza ba, ko a labari, ita ce ta fi sauƙin kamu. Mun cika son a bar kaza cikin gashinta, alhali wani lokaci ciwon yana ƙarƙashin gashin.

Sai masu lakabi, waɗanda suke ganin sun raba gardama. A nan ne nake da ja. Rubuta "na manya ne" yana da amfani, domin ya fi a yi shiru mutum ya faɗa rami. Amma lakabi ba mai gadi ba ne. Waya ba ta tambayar shekaru. Kai, ga yarinya 'yar sha biyar, kalmar "na matan aure" ai talla ce. A da, idan za a yi wa amarya faɗan zaman ɗaki, gwaggo ko alwanka takan kori yara, ta saki labule, ta zauna da ita. Ƙofar tana da mutum a bakinta. Lakabin yau kuwa ƙofa ce da aka zana da gawayi a jikin bango. Marubuciyar da ta ce "ai na rubuta gargaɗi, ba ruwana" ta yi kama da mai tuya da ta aje kaskon mai a kan hanyar yara ta ce ai na ce akwai zafi.

Don haka ni a nawa ganin, tambayar "akwai maganar manya a ciki?" ba ita ce mai raba gardama ba. Rayuwa kanta cike take da maganar manya. Ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa aunawa.

Mudun awo

Na farko, wa ke zaune? Laifin yarana a ranar nan ba kwaikwayon ɓarayi ba ne kaɗai. Sun yi shi ne taku biyar daga matar da abin yake ci a rai. Abin da yake wasa ga mai dariya, wuƙa ne ga mai miki. Wani kamfanin wasan tebur mai suna White Wolf ya koyi wannan darasi a 2018. Yana da wasan da ake fitowa a matsayin matattu masu shan jini, kusan yadda mu muke labarin mayu. Sai ya ɗauko ainihin azabar da aka ba da rahoton ana gana wa wasu mutane a Checeniya a lokacin, ya mai da ita dabarar masu shan jini a cikin littafinsa. Duniya ta yi caa, uwar kamfanin ta dakatar da sayar da littafin, aka cire wurin. Lakabin manya bai cece su ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye suna ji.

Na biyu, mugunta tana da nauyi a ciki, ko kwalliya ce? Akwai labarin da zai nuna maki zalunci ki tashi kin tsane shi, kin ji zafin wadda aka zalunta kamar ƙanwarki ce. Akwai kuma wanda zai shafa wa zaluncin hoda da jan baki, a nuna mijin da ke mari da wulaƙanci shi ne gwarzo mai kuɗi da mota, yarinya ta tashi tana fatan irinsa. Dukansu biyun "na manya" ne, amma ɗaya magani ne mai ɗaci, ɗaya guba ce a cikin zuma. Ki tambayi kanki bayan kin rufe shafi: wa nake tausayi yanzu, kuma wa nake sha'awar zama?

Na uku, an san inda ake sakin labule? Wani mai tsara wasannin tebur, Ron Edwards, ya kawo shawara a 2003 wadda 'yan wasa da yawa suke bi. Kafin a fara, a zauna a yarda: ga abubuwan da ba za su shigo labarinmu ba sam, ga kuma waɗanda za su iya faruwa amma a bayan labule, a ambata a wuce ba tare da an tsaya kwatance ba. Da na ji haka sai na yi dariya, na ce ai wannan sakaya ce, kakanninmu sun riga su. Bahaushiya takan ce "ya san ta ɗiya mace", ko "ta yi ɓatan wata", kowa ya gane, ba wanda ya sunkuyar da kai. Kunya ba ta hana faɗin gaskiya, tufafi kawai take sa mata. Marubuciyar da ta iya alƙalami za ta kai ki har bakin ƙofa ta juyo da ke, kuma ba abin da ya ragu a labarin.

Na huɗu, akwai ƙofar fita? Wani mai suna John Stavropoulos ya fito da wata 'yar dabara mai sauƙi. A aje kati mai alamar X a tsakiyar tebur. Duk wanda labari ya kai inda ransa ba ya so, sai ya taɓa katin, a tsallake wurin, kuma ba mai tambayarsa dalili. Wannan na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin mai miki bai kamata sai ya kwance ƙyalle ya nuna kafin a daina taka shi ba. Mu kuwa fa? In ana hirar gidan biki aka shiga maganar da wata ta tashi ta fita, sai mu ce ta cika tsarki, ko ƙauyanci ke damunta. A ƙungiyar waya in wata ta ce don Allah a daina turo irin wannan, sai a yi mata ca. Wasan da ba a iya cewa "ya isa" a cikinsa ya daina zama wasa, ya zama tilas.

Abin da na yi

A daren nan bayan isha'i na kira ɗan nawa, ba bulala. Na ce, "Me ya sa kullum kai ne ɓarawon?" Ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma, can ya ce, "Umma, ai shi ba mai zuwa ya ɗauke shi." Jikina ya yi sanyi. Ashe yaron da na ɗauka ƙeta ce ke cinsa, tsoro ne yake kwana da shi ban sani ba. Da na zane shi da la'asar, da wasan zai koma bayan gida inda ba na gani, tsoron kuma ya zauna daram.

Na gaya masa dalilin kukan Gwaggonsa, a daidai yadda ɗan shekara tara zai ɗauka. Da safe da kansa ya je ya durƙusa ya ce, "Gwaggo ki yi haƙuri, ban sani ba." Ta shafa kansa ta sa masa albarka. Muka kafa doka: ba a yin wannan wasa muddin tana gidan, ba a ɗaure kowa ko da wasa, duk wanda ya ce a bari an bari, kuma ba a tashi sai an nuna an dawo da wanda aka ɗauka gida. Ba a jima ba wasan ya fita ransu, suka koma langa da ƙwallo. Mijin Gwaggo kuwa Allah Ya kuɓutar da shi bayan wata huɗu, sai da aka sayar da gona.

To ke uwargida, in kin ga littafi a wayar ɗiyarki, kafin ki ƙwace ki karanta. In na banza ne ki gaya mata inda banzancinsa yake, shafi da shafi, domin gobe za ta ci karo da wani ba kya kusa, kuma awon da kika koya mata shi zai bi ta, ba tsawar ba. In kuma mai ma'ana ne amma ya yi mata nauyi, ki zama ke ce gwaggon bakin ƙofa, ku karanta tare. Ke kuma budurwa, ba duk abin da aka rubuta "na manya" ne ke ƙara girma ba, wani ma rage shi yake. Ku kuma 'yan uwa masu alƙalami, ku rubuta gaskiyar gidajenmu kar ku ji tsoro, amma ku tuna ba ku san hannun da shafin zai faɗa ba, kuma magana zarar bunu ce.

Washegari na koma wurin Inna na ce, "Na samo amsar tambayarki. Wasa yana tsayawa ne a inda wani ya fara kuka da gaske." Ta dube ni ta ce, "To, da sauƙi. Amma ki riƙa duba fuskoki tun kafin a kai ga kukan."

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da waɗanda ke hannu gidajensu. Inda na yi daidai Allah Ya amfanar, inda na yi kuskure ku yafe mani.